Malamin da Ke Zama a Bencin Baya

A kowace shekara akwai zangon karatun da makarantun firamare da sakandare a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato suke cika da baƙin malamai. Tun daga ƙofar makaranta ake gane su: kaya a goge, littafin tsara darasi sabo fil a hammata, murya na ɗan rawa idan sun gai da hedimasta. Ɗaliban kwalejojin ilimi ne da na tsangayoyin ilimi na jami'o'i, sun fito gwajin koyarwa, abin da su a tsakaninsu suke kira TP. Makonni za su shafe riƙe da alli kafin a yarda sun isa a kira su malamai. A cikin makonnin nan akwai ranar da gaban kowannensu yake faɗuwa, ranar da lakcaran da aka turo duba shi zai yi sallama a hankali, ya wuce can ƙuryar aji, ya ce wa yara biyu su matsa, ya zauna a bakin benci ya buɗe takarda.

Wanda bai san aikin ba cewa zai yi mutumin nan hutawa ya zo yi. Minti 40 bai ce uffan ba, bai taɓa alli ba, sai ɗan rubutu jefi-jefi. Amma duk cikin abin da malamin malamai yake yi, da lacca a babban zaure, da rubuta maƙala, da duba kundin digiri, babu wanda ya kai wannan zaman buƙatar gwaninta. Lacca ana iya haddace ta. Amma a karanta darasin wani yana cikin gudana, a gano inda ya kuɓuce masa da abin da ya jawo, sannan a faɗa masa ta yadda gobe zai iya gyarawa, wannan sai wanda ya jima yana yi.

Inda gwani ya fara bambanta da sabon shiga shi ne inda yake ajiye idonsa. Sabon mai duba darasi malamin yake kallo: tsayuwarsa, rubutunsa a allo, Turancinsa. Gwani yana ganin waɗannan duka, amma yawancin lokaci yaran yake kallo, shi ya sa ma ya zaɓi baya. Daga nan ake hango yarinyar da ta ajiye fensir tun layi na biyu, da yaron da ke kwafar na maƙwabcinsa, da sahun bakin taga da malam bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Daga nan kuma ake sanin nauyin tambayar nan da ta fi kowace yawo a ajujuwanmu. Malam ya ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Mun gane!" Malam ya ji sanyi a ransa ya wuce gaba. Na bencin baya ya ga bakin da ya fi kowa ɗaga murya, ya ga kuma littafin da ke gaban mai bakin wayam, babu ko layi ɗaya. Ya san amsar ta ladabi ce, don yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai dubi babba ya ce masa bayaninsa bai fita ba. Sai ya rubuta mintin da aka yi tambayar, ya zuba ido ya ga ko malam zai nemi wata shaidar da ta fi wannan.

Irin wannan kallo an yi masa ma'auni tun tuni. A shekarun 1960 wani malamin jami'a a Amurka, Ned Flanders, ya kasa duk maganar da ake yi a aji gida 10. Gida 7 na malami ne, kamar bayani da tambaya da yabo da umarni da tsawa. Gida 2 na ɗalibi ne, wato amsa abin da aka tambaye shi, ko kawo magana don kansa. Na ƙarshe na shiru ne ko hayaniya. Mai duba darasi yana rubuta lambar abin da ke faruwa duk bayan sakan 3, lamba 20 ke nan a minti guda, 800 a darasin minti 40. Ƙidayar ta nuna cewa a aji na yau da kullum, wajen kashi biyu cikin uku na lokaci wani yana magana, kuma kashi biyu cikin uku na maganar malam ne yake yin ta. Ba kowane lakcara ne yake zama da jadawalin Flanders a yau ba, amma duk wanda ya taɓa horar da kunnensa da shi ya daina cewa, "Surutunka ya yi yawa." Sai dai ya ce, "A minti 15 na farko babu muryar da aka ji sai taka." Ta farko ana iya musa ta ko a ji haushinta. Ta biyu sai dai a yi shiru a yi tunani.

Har shirun ma an auna shi. Mary Budd Rowe, wadda ta ƙware kan koyar da kimiyya, ta saurari tarin darussan da aka naɗa a kaset, ta bayyana a 1972 cewa malamai kan jira wajen sakan 1 kacal bayan sun yi tambaya, kafin su maimaita ta, ko su miƙa ta ga wani, ko su amsa da kansu. Da aka koya musu jira sakan 3 ko fiye, amsoshin yara suka yi tsawo, masu kasa amsawa suka ragu, waɗanda ba a saba jin muryarsu ba suka fara buɗe baki. A ajinmu abin ya fi nan nauyi. Yaron da aka tambaya da Turanci, shi kuwa da Hausa yake tunani, sai ya juya tambayar, ya nemo amsa, ya sake juya ta kafin ya ɗaga hannu. Sakan ɗaya ba ya isar wannan tafiya. Ɗan koyo yana jin shirun kamar shekara, don ya ɗauka alamar darasi ya mutu ne. Na bencin baya yana ƙirgawa a ransa, ya san wanda aka katse wa tunani.

Idan malam ya ba da aikin aji, gwani yakan miƙe ya zaga tsakanin bencina, nan ne kuma wani ɓangaren gwanintarsa yake fitowa. A ce darasin ɗebewa ne, an rubuta 52 a cire 38. Amsa 14 ce, amma ga yara da dama sun rubuta 26. Ɗan koyo zai sa musu jan biro ya ce ba su mai da hankali ba. Gwani ya san ba a haɗuwa a kan kuskure ɗaya da ka. Yaran wata ƙa'ida suka bi: a kowane gida sun cire ƙaramar lamba daga babba, 2 daga 8 saura 6, 3 daga 5 saura 2. Sun sha jin ana cewa ba a cire babba daga ƙarami, sai suka juya lissafin ya dace da abin da aka faɗa musu. Maganinsu shi ne su ga da idonsu yadda ake kwance goma ɗaya ta koma ɗaiɗai, ko da ƙullin tsinken tsintsiya ne ko murafen kwalba. Maimaita bayanin jiya da ƙarar murya ba zai taɓa kuskuren ba. Lee Shulman na Jami'ar Stanford ya ja hankalin masu horar da malamai a kan wannan a 1986: sanin lissafi daban, sanin yadda lissafi yake shiga kan yaro da inda yakan maƙale daban, kuma na biyun shi ne ilimin da malami ya keɓanta da shi.

Duk wannan rabin aiki ne. Sauran rabin yana zuwa bayan an kaɗa ƙararrawa. Gwani ba ya gyara ɗalibinsa a gaban yara, ko da ya ga kuskure ƙuru-ƙuru a allo, sai dai in ya samu hanyar raɗa masa. Ya san idan ya zubar masa da girma yau, shi zai hau mota ya tafi, ɗan koyo ne zai dawo ajin gobe. A gabansu "Malam" yake kiransa, ko "Malama". Sai sun keɓe a ɗakin malamai ko a inuwar darbejiya ake buɗe takarda. Ko a nan ma ba da hukunci yake farawa ba.

"To, Malama, ke ya kika ga darasin?"

"Ranka ya daɗe, ina jin sun gane, sai dai lokaci ne ya ƙure mini."

"Madalla da yadda kika fara da kuɗin cefane, duk sun natsu. Ga littattafai biyar na ɗauko daga sahun baya. Duba na uku, me kike jin yaron nan ya yi ya samu 26?"

Shi ke nan, sai ya yi shiru ya bar ta da littafin. Idan ita ta gano da kanta, ba za ta manta ba har ta yi ritaya. Wannan tsari na zama kafin darasi, da kallo, da nazari, da tattaunawa bayan darasi, Morris Cogan da abokan aikinsa ne suka fara daidaita shi a Jami'ar Harvard a shekarun 1950, Robert Goldhammer kuma ya fitar da shi a littafi a 1969. Amma abin da ya fi wuya a cikinsa ba a koyonsa daga littafi: mutum ya ga aibi 12 ya ambaci ɗaya ko biyu. Rubutun allo ya karkace, an manta kwanan wata, abin nuni ya yi ƙanƙanta, duk gaskiya ne. Gwani yana neman wanda in an gyara shi sauran za su biyo baya, ya haɗiye ragowar sai wata ziyara. Wanda aka zube wa kuskurensa gaba ɗaya babu abin da yake komawa gida da shi sai karayar zuciya.

Kafin ma a tura ɗalibi makaranta akwai atisayen da ake yi masa a cikin kwaleji. A 1963 Dwight Allen da abokan aikinsa a Stanford suka fito da dabarar taƙaita darasi: ɗan koyo ya koyar da yara kaɗan na 'yan mintuna, yana gwada fasaha ɗaya tak, kamar buɗe darasi, ko yin tambaya, ko rufewa. A ɗauke shi a bidiyo, ya zauna da malaminsa su kalla, ya gyara, ya sake koyar da darasin ga wasu yaran. Dabarar ta shiga manhajar horon malamai a ƙasashe da yawa har da Nijeriya, inda galibi abokan karatu ne suke zama a matsayin yara. A da na'urar ɗaukar hoto ce matsala. Yanzu wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa, kuma babu wa'azin da ya kai mutum ya ga kansa ya juya wa aji ƙeya yana yi wa allo bayani. Gani ya kori ji.

Arewa ta daɗe da sanin darajar wannan aiki. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, don horar da malamai aka kafa ta, kuma a nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin su riƙe alli. Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu a shekarar da ta biyo, daga baya ya koyar a makarantar horon malamai ta Maru. A 1962 aka buɗe babbar kwalejin horon malamai ta Zariya. Da shirin ilimin firamare kyauta ya zo a 1976, yara suka yi wa makarantu yawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar don a samu masu koyar da su. Sunayen da tarihi ya riƙe daga waɗannan wurare yawanci na waɗanda suka bar aji ne suka shiga siyasa. Waɗanda suka zauna a bayansu suna sauraron darasinsu na farko, da wuya a samu mai iya lissafo su.

Haka aikin yake har yau. Idan jami'a za ta yi alfahari da malamanta, maƙalu take ƙirgawa da tarukan da aka halarta da lambobin yabo, don su ne suke da takarda. Zaman bencin baya ba ya barin shaida sai fom mai maki. Shi ya sa idan ɗalibai suka yi yawa, motar zirga-zirga ta yi ƙaranci, makarantu kuma suka warwatsu a ƙananan hukumomi, wannan aikin ne yake fara shan wuya: a leƙa minti 10, a duba littafin tsara darasi, a sa hannu, a wuce. Makin zai fito, takardar shaida za ta fito, amma malamar da ba a taɓa nuna wa daga inda 26 ta fito ba za ta yi shekara da shekaru tana ɗaukar yaran da suka bi ƙa'ida a matsayin daƙiƙai. Akwai lakcarorin da suke ƙin wannan gajeriyar hanya, su zauna har ƙarshen darasi, su koma karo na biyu don su ga ko gyaran ya kama. Tsangayar ilimin da take so ta san ko tana yin aikinta, waɗannan ya kamata ta fara rage wa yawan ɗalibai, ta biya su kuɗin hanya a kan lokaci, ta kuma sa ziyarar tasu cikin abin da ake dubawa ranar ƙarin girma.