Shin "coup d'État" daidai yake da "juyin mulki"?

Ɗalibin da ya tashi a Guci, ko a wani gari na yankin Magariya da Dungas, kalma guda yake ji ta fuska uku. A aji malami yana rubuta masa "coup d'État". Daga tsallaken iyaka, masu Ingilishi sun aro ta, sun datse mata wutsiya, suna cewa "ku" kawai. A rediyo kuwa "juyin mulki" ake ce masa. An saba ɗaukar ukun a matsayin abu ɗaya, kuma a nan fassarar ta gaza.

A Faransanci "coup" bugu ne, "État" kuma hukuma. Lokacin da Gabriel Naudé ya wallafa littafinsa a kan wannan kalma a birnin Rum a 1639, ba soja mai hamɓarar da sarki yake nufi ba. Sarkin yake nufi, wanda ya keta doka da kansa da sunan ceton mulki. Har kisan gillar da aka yi wa ƴan Furotesta a Faransa a 1572 ya sa cikin misalansa, ya kuma kare shi. Haka ma ranar 2 ga Disamba 1851: Louis-Napoléon zaɓaɓɓen shugaba ne, shi ya rusa majalisa domin ya zarce. Ke nan bugun daga sama yake saukowa.

Ingilishin yau da kullum ya karkatar da kalmar wajen sojoji, Hausa ta bi sahu. "Juyi" yana bukatar na sama ya koma ƙasa. Ya dace da 1974, da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani, da 1996, da Baré Maïnassara ya tuɓe Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram. Ya dace da 1999, da 2010, da 2023. To, 2009 fa? A wannan shekara Tandja Mamadou ya rusa majalisar dokoki a watan Mayu, ya rusa kotun tsarin mulki a Yuni, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta. Ƴan adawa sun kira abin "coup d'État", kuma bisa tsohuwar ma'anar ba su kauce ba. Amma da Hausa babu abin da ya juya, domin mai kujera yana bisa kujerarsa. Sai bakin jama'a ya kama "tazarce", kalmar da ta yi tashe a Najeriya zamanin Abacha, alhali ita buri take faɗa, ba ta ambaci dokar da aka taka ba.

Malamin da ya rubuta kalmomin biyu a allo da alamar daidai a tsakaninsu ya koya wa yaro cewa sai mai kaki ke iya yi wa tsarin mulki fyaɗe. Ya kamata ƙungiyoyin raya Hausa su zauna a kan wannan giɓi. "Hawan ƙawara ga tsarin mulki" ya fi kusa, ko da yake ya yi tsawo ga kanun labarai.