Tauraruwa Mai Wutsiya, Wa Ta Yi Wa Laifi?

'Yar uwa mai karatu, akwai wata magana da ni da ke muka taso muka tarar a bakin manya, wai "tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba." A nan Kiyako ana faɗinta, a Birnin Kudu da Gwaram ma haka, kuma in kika buɗe littattafan soyayya da ake kawo mana daga Kano, ko kika kalli finafinanmu na Hausa, sai ki sake cin karo da ita. Abin da ya dame ni shi ne, sau tari ba tauraruwar sama ake nufi ba, 'ya mace ake jifa.

Ki lura da yadda labarin yake tafiya. Lokacin da saurayi yake zuwa zance, yarinya ita ce farin wata sha kallo, ita ce Zara matar wata. To an ɗaura aure an kai ta ɗaki, sai kasuwar maigida ta ja baya, ko motarsa ta lalace, ko ciwo ya kwantar da uwar miji. Nan take sai dangin miji su juya harshe, a ce ai tun da ta sako ƙafa gidan nan ba a ga daidai ba, farar ƙafa gare ta. Wadda jiya ake kira wata, yau ta koma tauraruwa mai wutsiya. Su kuma wasu marubutan namu, maimakon su ja wa masu wannan magana kunne, sai su ƙulla labarin yadda a ƙarshe zargin zai tabbata, mai karatu ta rufe littafi tana cewa lallai akwai matan da shigowarsu gida masifa ce. Wannan shi ne kuka na da su.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na shekarar 1990, Alhaji Abdu ya wulaƙanta matarsa Rabi da 'ya'yanta, ya kore ta saboda amaryarsa Delu, daga baya gobara ta cinye masa shago. Da wata ce ta rubuta, da sai ta ce ƙafar amarya ce ta jawo. Ita kuwa tun daga sunan littafin ta nuna inda laifin yake: alhaki mai shi yake bi. Haka ma Umaru Dembo, a 1969 ya fitar da littafi mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi yawo a sararin samaniya ya ga abubuwan al'ajabi. Ya ɗauki abin da ake tsoro ya mai da shi abin neman sani.

To wai mece ce ita tauraruwar? Masana sun ce dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura yake kewaya rana. In ya matso kusa da ita, zafi sai ya sa ya riƙa fitar da tururi da ƙura, shi ne muke hangowa kamar wutsiya. Shahararriya a cikinsu, wadda ake kira Halley, tana leƙowa ne duk bayan kimanin shekara 76. An gan ta a 1910, an gan ta a 1986, kuma ana sa ran dawowarta a 2061 ga mai yawan rai. Abin da aka san ranar zuwansa tun kafin a haifi kakanninmu, ina ruwansa da cinikin wani ko ciwon wata?

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu a Madina, rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi da kansa ya gyara musu, ya sanar da su cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi. In har ba a yarda a jingina abin sama ga rasuwar ɗan Fiyayyen Halitta ba, ta yaya za a jingina karayar arzikin Malam ga yarinyar da aka kawo jiya da 'yan kwanukanta?

Kada ki ɗauka maganar fatar baki ce kawai. Wannan camfi ya kashe aure, ya sa bazawarar da mijinta ya rasu ta rasa manemi, ya sa amarya tana tafe tana sunkuyar da kai a gidan da ya kamata ta sake. Kuma abin takaici, mu mata mu muka fi yaɗa shi, a gidan biki, a gidan suna, a wajen kitso.

Don haka ina roƙon marubuta, in za ku sa wannan magana a bakin wata a labari, to ku samar da wanda zai mayar mata da amsa. Ke kuma 'yar uwa, ranar da aka kawo wa ɗanki ko ƙaninki amarya, wani abu ya faru, ki riƙe bakinki, ki ce ƙaddara ce, ki bincika ko akwai sakaci a gyara. Allah ya kare mu daga ɗaukar alhakin bayinsa, amin.