Bayajidda da Ƙirjin Aro

A shekarar ƙarshe ta karatuna na zane, na mayar da tarihin Bayajidda littafin labari cikin hotuna. Da na kai shi gida Baure, kakata ta ƙura masa ido, ta ce, "Wannan ɗan damben wane gari ne?"

Tambayar ta tona asirin aikin. Na ɗora wa Bayajidda ƙirjin Superman, na cika shafuka da walƙiyar takobi. A bakin kakata kuwa, nauyin labarin yana ga ƙishirwar mutanen Daura, waɗanda macijin Kusugu ya hana ruwa sai ranar Juma'a. Ko tulu ɗaya ban zana ba.

Aji ya koya mini ma'aunin jiki da sarrafa inuwa, amma na manta darasin ɗaliban zane na Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, waɗanda tun 1958 suka nemi a haɗa dabarar Turawa da gadon gida. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na sake aikin. Shafin farko yanzu mata ne da busassun tuluna, suna jiran Juma'a.