Zambon Intanet da Tambarin Fofulizim: Kariya ga Masu Zolaya

Akwai wani hukunci da ya zama ruwan dare a bakin masu sharhin siyasa na Turai, har wasu namu sun ara suna maimaitawa. Wai zolayar da 'yan Facebook da Twitter suke yi wa kalmar fofulizim hayaniyar jahilai ce kawai, kuma ita ce ta zubar wa kalmar da mutunci har ta daina amfanar mai nazari. Ban yarda ba. Kalmar ta riga ta lalace a hannun manyan jaridu tun kafin 'yan zolaya su taɓa ta. Zambon da suke yi kuwa fasaha ne mai dokokinsa, ya cancanci a zauna a karanta shi kamar yadda muke tsefe habaicin mawaƙan fada. Italiya ce fagen da ya fi nuna haka.

Tarihin bai buƙatar dogon zance. Manoman Amurka da suka tsaya takara a 1892 da kansu suka ɗauki sunan, suna alfahari da shi. Daga baya aka liƙa wa Peron na Ajantina da Chavez na Benezuwela. A 2004 masanin siyasa Cas Mudde ya ba da ma'anar da ɗalibai suke haddacewa har yau: a raba al'umma gida biyu, talakawa tsarkaka da manya gurɓatattu, a ce siyasa ta bi abin da jama'a suke so. Sai 2016 ta zo da ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai da nasarar Trump, a 2017 kuma ƙamus na Kambirij ya zaɓi kalmar a matsayin kalmar shekara. Daga nan aka sa Orban na Hangari da Sanders na Amurka, Le Pen ta Faransa da Corbyn na Birtaniya, a kwando ɗaya. Mai cewa a kori baƙi da mai cewa a ƙara albashi suka zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Ba 'yan zolaya ne suka yi wannan aika-aika ba.

A Italiya jam'iyyar da aka fi jifa da kalmar daga barkwanci aka haife ta. Beppe Grillo ɗan wasan barkwanci ne. A watan Satumba na 2007 ya tara dubban mutane a Bolonya, taron da sunansa ma ashar ne ga 'yan majalisa. A 2009 shi da Gianroberto Casaleggio suka kafa Jam'iyyar Taurari Biyar, wadda mambobinta suke jefa ƙuri'a ta intanet. Ta samu kusan kashi 25 cikin ɗari a 2013, ta haura kashi 32 a 2018.

Dabarar da nake son a duba da kyau ita ce wadda zan kira "idan… to". Ranar 5 ga Yuni, 2018, sabon firaminista Giuseppe Conte, na gwamnatin da Taurari Biyar ta kafa, ya tsaya gaban majalisar dattawa ya ce, a taƙaice, idan fofulizim na nufin masu mulki su saurari bukatun jama'a, to sun karɓi sunan. Jean-Luc Mélenchon na Faransa ya riga shi karɓar sunan tun 2010, amma Conte ne ya zuba abin a cikin ƙirar da kowa zai iya ɗauka.

Dubi yadda jimlar take aiki. Ba ta musanta zargin ba, domin mai musu ya riga ya yarda cewa abin kunya ne. Ba ta kuma amsa shi kai tsaye ba. Tsakanin "idan" da "to" ake yin satar: a cire ma'anar da mai zargi ya nufa, wato yaudarar talaka da raina kotu da jarida, a cusa wata da ba mai iya ƙi, wato sauraren jama'a. Mai zargi ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce e, haka nake nufi, ya zama maƙiyin talaka da bakinsa. In ya ce a'a, sai ya koma bayani, kuma a dandalin da jimla ɗaya ke cin kasuwa, mai dogon bayani ya sha kaye tun bai gama ba. Ga shi kuma "idan" ɗin ta bar ƙofar baya a buɗe: gobe in abin ya ɓaci, mai maganar zai ce ai sharaɗi ya gindaya, bai taɓa cewa shi ɗan fofulizim ba ne.

Magoya baya suka ɗauki ƙirar suka yi ta zuba abin da suke so a ciki: gyaran titi, kuɗin fansho, rage albashin 'yan majalisa. A nan ne masu sukar zambon suke tsayawa da karatu, su ce ga shirmen nan. Da sun ƙara gaba kaɗan da sun ga inda fasahar take. Abokan hamayya ba su tsaya gardamar ma'ana ba. Ƙirar suka karɓe, suka cika ta da abin dariya, har ta fashe da kanta. Da zarar an iya cewa idan son taliya da zafinta fofulizim ne to kowa ɗan fofulizim ne, jimlar Conte ta tsiraita: an nuna cewa komai za ta iya ɗauka, don haka ba ta ɗauke da komai. Malamin jami'a zai cika shafi ashirin kafin ya kai nan.

Daga wannan sai zambon ya koma kan mayar wa mutum maganarsa. Magoya bayan Taurari Biyar sun saba, in aka kama jam'iyyarsu da laifi, su amsa da tambaya kan babbar abokiyar hamayyarsu: "To, jam'iyyar PD fa?" Sai 'yan zolaya suka mai da tambayar amsar kowace matsala, ko da ta ruwan sama ce, har mai furta ta da gaske ya fara jin nauyin bakinsa. A ƙarshen Satumba na 2018 jagoran Taurari Biyar na lokacin, Luigi Di Maio, ya fito barandar fadar gwamnati a Roma yana murnar kasafin kuɗin da zai ba marasa galihu alawus, a kwanakin nan ne kuma ya yi shelar cewa sun kawar da talauci. Ba sai an zage shi ba. Ajiye maganar aka yi, duk lokacin da wani labarin talauci ya fito sai a ɗora ta a kai, ba ƙari ba sharhi. Haka aka yi wa alkawarin Grillo na buɗe majalisa kamar gwangwanin kifi, bayan jam'iyyarsa ta yi mulki da jam'iyyar Salvini mai ra'ayin riƙau a 2018, da PD ɗin da take zagi a 2019, sannan ta shiga gwamnatin Mario Draghi, tsohon shugaban babban bankin Turai, a 2021.

Ba kowace zolaya nake karewa ba, kuma nan ne ra'ayina ya rabu da na masu yabon komai. Waɗanda suka riƙa kiran Di Maio mai tallar lemo, don ya taɓa aiki a filin ƙwallo na Nafoli, ƙuri'a suka tara masa. Da shugaban Faransa Macron ya kwatanta 'yan fofulizim da kuturta a Yuni 2018, Di Maio ya mayar masa cewa munafunci ne kuturtar gaskiya, kuma ya ci riba. Hillary Clinton ta kira rabin magoya bayan Trump abin ƙyama a 2016, suka buga kalmar a riguna suka sa. Mu da muka san yadda Santsi da Taɓo suka zama sunayen alfahari a rikicin PRP na Kano ba ma buƙatar a fassara mana wannan. Zagin asali ko sana'a, in ya fito daga sama, tabbatar da labarin ɗan fofulizim yake yi, cewa manya sun raina ku.

Zambon da ke cizo shi ne wanda ya bar mutum ya kama maganarsa, kuma daga gefe yake zuwa, daga wanda ba shi da rawani. Ɗan fofulizim ya riga ya koya wa mabiyansa cewa jarida maƙaryaciya ce, masana kuma 'yan amshin shata ne, don haka sukarsu ba ta ratsa shi. Abin da bai tanadar wa magani ba shi ne dariyar talakan da yake iƙirarin wakilta. A ganina wannan dariyar ta yi wa Taurari Biyar bin diddigin da editocin Roma da Milan suka kasa. A zaɓen 2022 jam'iyyar ta faɗo zuwa kusan kashi 15. Di Maio, wanda ya riga ya fice daga cikinta, ya rasa kujerarsa, a 2023 kuma Tarayyar Turai ta naɗa shi wakilinta na musamman a ƙasashen yankin Gulf, muƙamin da ba talakan da ya jefa wa ƙuri'a.