Me Ya Sa Gizo Ke Tsira?

An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa amfanin tatsuniya shi ne gyaran hali: mai haƙuri ya ci riba, mugu ya gamu da gamonsa. Akwai tatsuniyoyin da suka dace da wannan bayani sarai. A ta Ruwan Bagaja, 'yar bora ta bi duk wanda ta tarar a hanya da ladabi, ta komo gida da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta komo da kutare da makafi. Ko yaro ƙarami ya ji wannan ya san inda aka dosa. Amma da zarar Gizo ya shigo fage, sai bayanin ya rasa madafa.

A ɗauki ta Gizo da hankaki, yadda aka fi ba da ita. Ana cikin yunwa, hankaki suka gano wani ɓaure a tsakiyar kogi. Gizo ya roƙe su, kowane ya cire gashi ɗaya ya ba shi, ya tashi tare da su. Da isarsu, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga ganinsa. Suka ƙyale shi har barci ya kwashe shi, suka zare gashinsu suka yi tafiyarsu. Nan ya kamata labari ya ƙare in da wa'azi ake nufi. Ina! Gizo ya faɗa ruwa, ya iske gidan kada, ya fashe da kuka wai ya ga danginsa da aka daɗe da rabuwa. Aka sauke shi a ɗakin ƙwai, ya kwana yana gasawa yana ci, gari ya waye aka ƙetare da shi gaɓa kafin asiri ya tonu. Ya ci amanar waɗanda suka ba shi fiffike, ya ci amanar waɗanda suka ba shi masauki, ya koma gida lafiya lau.

Wace ce ke ba da wannan labari? Kakar nan ce da za ta murɗe kunnen jikanta in ya yi ƙarya da rana. Malaman da suka rubuta tatsuniyoyi da ajami ma ba su gyara Gizo ba. Daga hannunsu Frank Edgar ya samu abin da ya buga a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, mujalladi uku tsakanin 1911 da 1913, haka kuma Malam Shaihu ya rubuta wa R. S. Rattray nasa a ƙasar da yau ake kira Ghana, aka buga a 1913. Mutane ne masu sanin halal da haram, suka bar maƙaryaci yana shan ruwa a sanyi. Wannan ba sakaci ba ne.

Wasu manazarta suna ganin Gizo gwarzon talaka ne, ƙaramin da ke juya manya. Hujjarsu ita ce irin tatsuniyar da ya ci bashin hatsi wurin giwa da dorina, ranar biya ya miƙa wa kowace bakin igiya ɗaya, suka wuni suna jan juna, kowace tana zaton da Gizo take ja. Lalle wanda ya sha hannun dogarai da masu karɓar haraji zai ji sanyi a ransa da wannan labari. Amma ban yarda a tsaya nan ba. Hankaki ba sarakuna ba ne, masu taimako ne. Ƙoƙi matarsa ce, ita ma bai bar ta ba, yakan ɓoye abinci ya ci shi kaɗai 'ya'yansa na kuka. Wanda ke cutar na sama da na ƙasa da na cikin ɗakinsa ba ya yi wa kowa yaƙi sai cikinsa.

Cikin nan shi ne tushen maganar. Tatsuniyoyin Gizo da yawa da fari ko yunwa suke farawa, kuma masu sauraro sun san yunwa ido da ido. A shekarar da littafin Rattray ya fito damina ta gaza a ƙasar Hausa, 1914 ta zo da yunwar da ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Mutanen da suka ga rumbu ya ƙare tun kafin shuka ta yi kai suna da wata tambaya da ba a yi a bainar jama'a: kirkin da muke alfahari da shi, namu ne ko na ƙoshi ne? In tuwo ya yanke, me zai rage na kunya da amana? Tatsuniya ba ta amsa da baki. Sai ta ɗauko wata halitta da aka cire wa kunya ƙaf, ta sake ta cikin jama'a, a ga abin da zai faru.

A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya jera halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. A ɗora Gizo a kan wannan ma'auni, ba zai ci ko ɗaya ba. Har hankalin ma ba shi da shi. Wayo gare shi, wanda ke fid da shi daga ramin yau ya jefa shi na gobe. Ga abin da nake ganin masu neman hukunci a ƙarshen labari ba su lura da shi ba: Gizo yana tsira, amma bai taɓa tara komai ba. Ba shi da abokin da za su sake haɗuwa a yi gaisuwar mutunci, ba wanda zai sake ba shi bashi. Kowace sabuwar tatsuniya da yunwa yake shigarta, kamar bai taɓa cin ɓaure ba. Yaron da ya ji goma ko ashirin a cikinsu zai fahimci wannan ba tare da an karanta masa ba.

Akwai kuma ɓangaren waɗanda ake cuta. Gizo ba shi da ƙarfi, ko magana ba ya iya fitarwa daidai saboda tsamin baki. Da me yake cin nasara? Da abin da ya tarar a zuciyar abokin hulɗarsa. Giwa girman kai ya hana ta zuwa ta duba wanda ke ƙarshen igiya. Kura kwaɗayi ke kai ta duk inda ya nuna mata. Kada kuwa, abin tausayi, son zumunci ne ya rufe masa ido, bai tambayi baƙon ta ina suka haɗa jini ba. Wannan na ƙarshe ya fi ci mini rai, domin yana nuna cewa halin kirki ma ƙofa ne in babu lura. Duk wanda ɗan damfara ya taɓa yi wa kuka da sunan 'yan'uwantaka ya san gidan kada.

Hausawa na cewa hali zanen dutse, suna kuma cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganganun biyu kamar suna karo, amma a dandalin tatsuniya kowace ta samu mazauni. Gizo ba ya sakewa har abada, yaran da ke zaune gaban mai ba da labari kuwa ɗanyu ne. Suna dariya in Gizo ya yi dabara domin sun san wannan son a jikinsu, son cinye rabon ƙane a ce kaza ce. An ba su dama su ga kwaɗayinsu a jikin wani, su yi masa dariya, ba wanda ya kira sunansu. An kuma yi wa abin shinge. Da dare ake yi, ana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, ana rufewa da ƙurunƙus, mai labari ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Yaro ya san ya shiga wurin da ba gaske ba, ya san kuma lokacin da ya fito.

Tun bayan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a farkon shekarun 1970, aji da rediyo, yanzu kuma waya, sun karɓi aikin da kaka ke yi. Wannan ya ceci labarai da dama daga ɓata. Damuwata ita ce ɗabi'ar da ke yaɗuwa ta liƙa wa kowace tatsuniya darasi a wutsiya, ko a sa Gizo ya tuba, ko a kama shi a yi masa bulala don hankalin manya ya kwanta. Yin haka yana mayar da tatsuniyar Gizo ta 'yar bora, alhali aikinsu daban ne. Ina roƙon malaman makaranta da marubuta da masu shirya zane mai motsi su je wurin tsofaffin matan da suka rage, su naɗi labaran da muryoyinsu, su ba yara yadda suka ji su, har da waɗanda Gizo ya ci ƙwai ya tsere.