Fim Biyu, Taswira Ɗaya: Dunkirk Da Camp de Thiaroye A Kunnen Ɗan Rediyo

Shekara biyu ke nan ina zubin adashe saboda tafiya guda. Kwana goma nake son yi a Turai, in ga jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da idona, in taka wuraren da aka gwabza. Abokan aikina a gidan rediyo sun daɗe da laƙaba mini "Kyaftin" saboda wannan larura tawa. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, tun watan azumi na shimfiɗa taswira a tsakar ɗaki ina lissafi. Yuro ɗaya sefa 656 ne. Kwana ɗaya a masauki can zai ciyar da gidana kwanaki a nan Damagaram. Kuma tun da ofishin jakadancin Faransa ya rufe a Yamai a farkon 2024, neman bisa kansa ya zama tafiya kafin tafiya. Mai irin aljihuna ba ya cewa zai ga komai, dole ya zaɓa. A wurin zaɓin ne na farga cewa ba ni na zana taswirar da ke gabana ba. Wani fim ne ya zana mini ita.

Fim ɗin shi ne Dunkirk na Christopher Nolan, wanda ya fito a 2017. Labarinsa kwashe sojojin Ingila da na ƙawayenta ne daga bakin tekun arewacin Faransa, tsakanin 26 ga Mayu da 4 ga Yuni 1940, lokacin da Jamusawa suka yi musu ƙawanya. An tsallakar da mutum kusan dubu 338. Nolan ya kasa labarin gida uku: mako ɗaya a bakin ruwa, yini ɗaya a teku, sa'a ɗaya a sama, sannan ya kitse su wuri guda.

Bari in ba shi haƙƙinsa, don ya ci. Ni da kunne nake cin abinci, kuma ban taɓa jin fim ɗin yaƙi da ya san darajar sauti irin wannan ba. Akwai ƙarar agogo da ke bin ka tun daga farko, ba ta barin ƙirjinka ya huta. Akwai jiniyar jirgin Stuka idan ya kifo kai ƙasa, wadda kan sa ka sunkuya kana zaune a ɗakinka. Kiɗan Hans Zimmer kuwa kullum kamar hawa yake yi, ba ya taɓa isa. Cikin kyaututtukan Oscar uku da fim ɗin ya ci, biyu na aikin sauti ne, kuma bai ci da haram ba. Inda ya fi kama ni shi ne wurin matuƙin Spitfire, Farrier, wanda Tom Hardy ya fito a matsayinsa. Harbi ya lalata masa ma'aunin mai, sai ya koma rubuta lissafin sauran mansa da alli a jikin allon jirgi. Da man ya ƙare, injin ya mutu, farfela ta tsaya, jirgin ya ci gaba da shawagi bisa rairayi babu ƙara sai iska. Duk wanda ya taɓa riƙe makirufo ya san wahalar barin shiru ya yi magana. Nolan ya iya.

Wannan sa'a ɗaya ta sama ce ta cika mini takarda. Na rubuta garin Dunkerque da gidan tarihinsa da ke Bastion 32. Na rubuta tsallakawa Ingila zuwa Duxford, kusa da Cambridge, inda ake ajiye da wani Spitfire mai lamba N3200. An harbo shi ran 26 ga Mayu 1940, ya faɗi a rairayin Sangatte, yashi ya binne shi, aka tono shi a 1986, aka gyara shi har ya sake tashi a 2014. Jirgi ya yi shekara arba'in da shida a kabari ya fito, an san lambarsa, an san matuƙinsa, an san ranarsa. Na ware masa kwana uku da kuɗin bisa ta biyu ban ji komai ba.

Sai wata rana ina duba hanyar jirgin ƙasa daga Paris zuwa arewa, idona ya faɗa kan wani ƙaramin gari kusa da Amiens mai suna Airaines. A nan ne, ran 7 ga Yuni 1940, kwana uku kacal bayan jirgin ruwa na ƙarshe ya bar Dunkerque, Jamusawa suka kama Kyaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon, tare da sojojinsa bayan harsashinsu ya ƙare. Suka ware baƙaƙe gefe guda. Ya ƙi yarda a raba shi da sauran hafsoshi, aka harbe shi nan take. Na sake kunna Dunkirk a daren nan da wani kunne daban.

Ba ƙarya Nolan ya yi ba, wannan ya kamata a faɗa. Matsalar ita ce kyamararsa ta tsaya inda ƙafar Bature ɗan Ingila ta tsaya. Cikin waɗanda aka kwashe akwai Faransawa fiye da dubu ɗari, amma a fim ɗin rabonsu shi ne a tare su a bakin gada, da jimla ɗaya ta karamci daga bakin kwamandan da Kenneth Branagh ya fito a matsayinsa. A garin Lille, rundunonin da suka haɗa da ƴan Maroko da Aljeriya da Tunisiya sun riƙe Jamusawa kwana huɗu, wanda hakan na cikin abin da ya ba na bakin teku sararin tserewa. Ba a ji ɗuriyarsu ba. Akwai Musulmin Punjab masu kula da alfadaran sojan Ingila a wannan rairayi, su ma babu su. Baƙar fata kuwa, in ka ƙifta ido ka rasa shi. Masu kare fim ɗin za su ce ai ba littafin tarihi ba ne, labarin tsira ne na minti ɗari da shida. Na yarda. Amma fim mai ƙarfi irin wannan ba ya tsayawa a majigi. Yana bin mutum gida, ya karɓe masa biro. Shaidata ita ce takardata: ɗan Nijar, jikan talakawan Faransa na jiya, ya tsara kwana goma bai sa wuri ɗaya da aka binne wani mai kama da kakansa ba.

Daga nan na koma ga Camp de Thiaroye, wanda Sembène Ousmane da Thierno Faty Sow suka yi a 1988. Na taɓa kallonsa muna ɗalibai a makarantar aikin jarida, kuma gaskiya barci ya ɗauke ni. Yanzu ma ba zan ɓoye aibinsa ba. Ya kai sa'a biyu da rabi, yana tafiya kamar raƙumi mai kaya. Hafsoshin Faransa da ke cikinsa, in ka cire Kyaftin Raymond, duk fuska ɗaya gare su, mugunta ce aka sa wa hula. Saje Diatta, mai karatun shari'a, mai sauraren faifan kiɗan Turai da na baƙaƙen Amurka, sau da yawa ba magana yake yi ba, lacca yake gabatarwa, kana jin muryar Sembène tana fitowa ta bakinsa. Har kisan kansa an sake masa tsari: a fim da tsakar dare tankoki suka zo, alhali a tarihi da safiyar 1 ga Disamba 1944 aka buɗe wa mutanen wuta. Idan ƙwarewar haɗa hoto da sauti ce ma'auni, Nolan ya yi masa fintinkau.

Amma a saurari fim ɗin da kyau. Sojoji ne da suka fito daga sansanonin fursuna na Jamus, aka sauke su kusa da Dakar, suna neman bashin albashinsu da canjin kuɗinsu bisa gaskiya. Faransa na kiransu "tirailleurs sénégalais" duk da cewa daga ko'ina aka kwaso su, har da ƙasarmu. Ba su da harshe ɗaya, sai wannan guntun Faransanci na bariki da aka koya musu don su ji umarni kawai. Sembène ya ɗauki harshen da aka ƙera don a raina su, ya sa suka yi shawara da shi, suka yi gardama, suka zaɓi wakilai. A unguwarmu akwai wani tsohon soja da ya yi yaƙin Indocin, Allah ya jiƙansa, wanda muna yara muke bi muna kwaikwayon Faransancinsa muna dariya. Sai da na ji wannan harshe a bakin mutanen Thiaroye na ji kunyar dariyar nan. Sembène ya san abin da yake faɗa, don shi ma an sa masa kakin a 1944, kuma a nan Nijar ya yi wani ɓangare na aikinsa. Namu Oumarou Ganda ma da ya dawo daga Indocin ya yi Cabascabo a kan tsohon sojan da ya dawo gida kuɗinsa suka ƙare, abokai suka watse. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin da ya raba mini gardama shi ne, kowane fim yana da bebensa. A Dunkirk akwai Gibson, wanda ba ya magana saboda Bafaranshe ne ya saci kakin mamaci don ya samu shiga jirgi. Shirunsa dabara ce ta marubuci, asiri ne da za a tona a tsakiyar fim, kuma da an tona shi aikinsa ya ƙare, ruwa ya ci shi. A Thiaroye akwai Pays, wanda Sidiki Bakaba ya fito a matsayinsa. Sansanin Buchenwald ne ya ɗauke masa magana. Yana yawo da hular kwanon sojan Jamus, yana shafa wayar da aka kewaye sansanin da ita, don shi kaɗai ya gane cewa ya taɓa ganin irin wannan waya. Shi ya hau hasumiyar gadi, shi ya hango tankokin, ya sauko yana nuni, ƴan'uwansa suka ce haukarsa ce ta motsa. Shirun Gibson yana ɓoye magana ɗaya. Shirun Pays kuwa shi ne maganar fim ɗin gaba ɗaya, kuma har yau ba a gama ta ba: rahotannin sojan lokacin sun ce mutum 35, wani ya ce 70, masaniyar tarihi Armelle Mabon ta ce ɗaruruwa ne, kuma sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunan kisan kiyashi.

Kada a ɗauka na daina son jirage. Allin Farrier ma ya bar mini tambaya mai amfani: wa ke kawo man? Bin wannan tambaya ya maido ni ƙofar gida. Daga Satumba 1940, Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ita ce Injamena, El Fasher, Khartum, har Alƙahira. Sama da jirage dubu biyar suka bi wannan hanya zuwa yaƙin hamada. Hanyar ta yiwu ne domin Gwamna Félix Éboué ya kai Cadi ɓangaren de Gaulle a Agusta 1940, yayin da Nijar ke hannun gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942. Muhimmancinta ya kai a Janairu 1942 wani jirgin Jamus samfurin Heinkel ya keto Sahara ya jefa bam a ma'ajiyar man Fort-Lamy. Filayen nan hannu ne ya share su, gangunan nan kafaɗa ce ta ɗauke su. Kano kuwa, motar tasha ke kai ni daga Damagaram cikin yini guda, ba bisa, ba Yuro. Na yi shekara biyu ina tara kuɗin zuwa ganin Spitfire ɗaya, ban taɓa tambayar tsofaffin Kano abin da iyayensu suka gani yana sauka ba. Wannan shiri ne na rediyo da ke jirana in na dawo.

Ga yadda takardar ta koma. Yini ɗaya a gidan tarihin jirage na Le Bourget, kusa da Paris, inda Lindbergh ya sauka a 1927. Akwai Spitfire a can, akwai Dakota, akwai Concorde har biyu, sun ishe ni. Yini ɗaya a Dunkerque, don ina son in ji ko iskar wurin ta yi kama da ta fim. A hanyar dawowa in sauka Amiens in nemi motar Airaines. Daga nan kudu zuwa Chasselay, kusa da Lyon, inda aka karkashe sojojin Afirka a 19 da 20 ga Yuni 1940, aka kuma kewaye kaburburansu kusan ɗari biyu da jan gini irin na ƙasashenmu. Ƙarshe Fréjus, mai masallacin Missiri da aka gina wa sojojin bisa siffar na Djenné, da bakin tekun da dakarun Afirka suka sauka a Agusta 1944, kafin a janye baƙaƙen cikinsu daga fagen daga a kakar wannan shekara, a miƙa kayansu ga fararen samari.

Zan tafi da ƙaramar na'urar ɗaukar murya da batura. Da na karanta wa mahaifiyata jerin, ba ta tambayi ko jirgi ɗaya ba. Cewa ta yi in na isa wurin jan ginin in cire takalmi, in yi musu Fatiha, in duba ko akwai mai sunan mutanenmu. Duxford kuma na mayar da shi bayan takardar, da fensir, ƙarƙashin lissafin zubi na gaba.