Laifi Ba Hukunci: Sake Kallon Fim ɗin Shaihu Umar Daga Ƙasar Morai

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba sanya Shaihu Umar a sahun labaran tarihi, ko kuwa na wa'azi masu nuna falalar haƙuri da neman ilmi. Wannan kuwa daidai ne. Amma duk wanda ya zauna ya kalli fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976, ya kuma ƙidaya irin ta'asar da ke cikinsa, zai tarar da hari, da ƙazafi, da satar yaro, da sayar da 'ya'ya a matsayin bayi. Waɗannan su ne kayan aikin finafinan laifi da na ban tsoro tun farkon sinima. Nufin wannan maƙala shi ne a auna wannan fim da ma'aunin irin waɗancan tsofaffin finafinai, a ga inda ya bi hanyarsu da inda ya kauce, sa'an nan a tambayi abin da wannan kaucewa ke nufi ga mai kallo na yau a Morai da maƙwabtanta, watau ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda satar mutane ta tashi daga labari ta zama abin da ake kwana ana tashi da shi.

2.0 Tarihin fim ɗin a taƙaice

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar ne domin gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, wanda aka buga a 1975. Shekara guda bayan haka Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu, aka kuma nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Daga nan sai fim ɗin ya ɓace wa jama'a har aka ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara shi, aka sake nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Labarin kansa sananne ne. Almajirai sun tambayi malaminsu asalinsa, shi kuwa ya warware musu. An haife shi a Kagara bayan rasuwar mahaifinsa. Uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki. Bayan wani hari, sauran fadawa suka yi wa Makau hassada, suka ƙulla masa sharri, aka kore shi daga gari. Cikin wannan ruɗani aka sace Umar yana ƙarami, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wa Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama limami. Uwar ta fita nemansa, ita ma ta faɗa hannun masu fataucin bayi. Sun sadu a ƙarshe, amma ba ta daɗe ba ta rasu.

3.0 Zubi da tsarin fim ɗin laifi

Tsohon fim ɗin laifi, ko na wace ƙasa ne, yakan tsaya bisa duwatsun murhu uku: aikata laifi, da bincike, da hukunci. Alal misali, a fim ɗin M wanda Fritz Lang ya shirya a Jamus a 1931, wani mutum ne ke yaudarar yara yana hallaka su. Gari ya ruɗe, 'yan sanda suka bazama, har ɓarayi da mabarata suka shiga farautarsa domin sintirin hukuma ya hana su sana'a. A Tengoku to Jigoku, watau Aljanna da Wuta, wanda Akira Kurosawa ya shirya a Japan a 1963, an sace ɗan direba bisa zaton ɗan maigida ne, aka nemi kuɗin fansa. Rabin fim ɗin na biyu ya tafi ne wajen nuna yadda 'yan sanda suka bi sawu, ɗaya bayan ɗaya, har suka cafke ɓarawon. Finafinan ban tsoro su ma haka suke, sai dai mai laifin dodo ne. A Dracula na 1931, wanda Bela Lugosi ya fito a ciki, mashayin jinin baƙo ne da ya zo Ingila daga wata ƙasa, masani ya gane asirinsa, aka soke shi, gari ya huta.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A tatsuniya Dodo yakan haɗiye yarinya, amma a ƙarshe a farke cikinsa ta fito. A wasan telebijin na Kano, Kuliya Manta Sabo, inda Daudu Galadanci ke fitowa a matsayin alƙali, kowace rigima takan ƙare a gaban shari'a, a tona asirin maƙaryaci, a ba mai gaskiya gaskiyarsa. Mai kallo yakan tashi da natsuwa cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

To, idan aka ɗora Shaihu Umar bisa wannan murhu, sai a ga dutse ɗaya kaɗai ke nan. Akwai laifi, har ya yi yawa. Mai bincike kuwa babu shi: ba dogari, ba alƙali, ba sarkin da ya tashi mutane su bi sawun yaron da aka sace. Wadda ta ɗauki aikin bincike ita ce uwar Umar, mace ita kaɗai, ba makami, ba guzurin kirki, sakamakon da ta samu kuwa shi ne bauta. Hukunci ma haka. A littafin, kura ce ta kashe mutumin da ya fara sace Umar, watau dabbar daji ce ta yi aikin da ya kamaci hukuma. Fadawan da suka raba gidan Makau, da dillalan da suka ci ribar yaro da uwarsa, ba mu ga an gurfanar da ko ɗayansu ba.

4.0 Inda tsoron yake

A nan ne ƙarfin fim ɗin yake, a ganina. Dalilin da ya sa ba a binciki laifin ba shi ne, a zamanin da labarin ya faru, wajen ƙarshen ƙarni na 19, yawancin abin da aka yi wa Umar ba a ɗauke shi laifi ba. Sarki ne ke ba da izinin hari, fada ke raba ganima, kasuwa ke sa farashi, ayari ke kai haja ƙetaren hamada. Ɗan sandan Kurosawa yana da wanda zai bi, domin ɓarawonsa mutum ɗaya ne da ya fita daga sahun jama'a. A Shaihu Umar sahun jama'ar ne kansa ke cin amanar yaron. Dracula yana da haƙora da baƙar alkyabba, ana ganinsa a gane shi. Masu cutar da Umar kuwa suna sanye da riguna irin na kowa, suna gaisawa da mutane, suna ciniki a fili da rana tsaka.

Ya kamata a tuna cewa marubucin bai yi nisa da wannan zamani ba. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ne, ba a kuwa soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936, watau bayan an rubuta littafin. Masu karatunsa na farko sun san tsofaffin da aka kama a hari, wasu ma a gidajensu suke. Saboda haka labarin bai bukaci aljani ko maye ba kafin ya tsorata su. Adamu Halilu ya riƙe wannan amana, bai ƙirƙiro wani mugun tauraro guda da za a ɗora wa laifin kowa ba, bai kuma hanzarta tafiyar labarin domin ya burge 'yan kallo ba. Fim ɗin ya haura sa'a biyu, kuma jinkirinsa na sa mai kallo ya ɗanɗani tsawon rabuwar uwa da ɗa.

5.0 Raunin fim ɗin

Duk da haka, akwai wurare biyu da fim ɗin ya gaji raunin littafin bai gyara ba. Na farko, mutanen da Makau da abokansa suka kamo a hari ba su da suna, ba su da murya. An nemi mu tausaya wa Makau domin an yi masa ƙazafi a kan rabon bayi, alhali kuwa bayin nan su ma 'ya'yan wasu ne, kowannensu yana da uwa mai kuka irin ta Umar. Tausayin labarin ya tsaya ga ɗan gida, bai kai ga na ƙauyen da aka kai wa hari ba.

Na biyu, tsarin ba da labari daga bakin Shaihu, bayan ya riga ya zama babban malami, yana kwantar da hankalin mai kallo tun kafin a fara. Mun san yaron zai tsira, zai kuma ɗaukaka. Daga nan sai sata da bauta su zama kamar matakala ce da ƙaddara ta kafa masa zuwa ga ilmi, Abdulkarim kuma ya zama uba nagari, a manta da kasuwar da ta kai yaron hannunsa. Imani da ƙaddara ginshiƙi ne ga Musulmi, ba kuwa shi ake tuhuma a nan ba. Abin tuhuma shi ne yadda aka bar shi ya tsaya a gurbin tambayar da labarin ya tayar da kansa: wa ya aikata, wa ya ci riba, wa ya kamata ya hana?

6.0 Mai kallo a Morai

A 1976 ana iya kallon wannan fim a ce Allah ya raba mu da wancan zamani. Yau ba a iya faɗin haka a yammacin Zamfara. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 a farkon Maris. Kwana tara kafin wannan an kwashe ɗalibai a wani gari na Jihar Neja mai suna Kagara, sunan garin haihuwar Umar. A watan Agusta na wannan shekara aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Matakin da hukuma ta ɗauka a lokacin, na rufe kasuwannin mako da katse layukan waya, shi kansa shaida ne cewa wannan ta'asa tana rayuwa ne bisa ciniki: mai kai rahoto, da mai kai abinci da man fetur, da mai sayen dabbar sata.

Mutumin da ya sayar da gonarsa ko shanun nomansa domin ya fanshi ɗansa zai gane duniyar Shaihu Umar fiye da yadda zai gane ta Kurosawa. Zai gane uwar da ta fita nema ita kaɗai. Zai gane cewa mai cutarwa yakan zama wanda aka sani. Abin da zai yi masa wuyar karɓa shi ne ƙarshen labarin, domin ya san yawancin waɗanda aka sace ba sa dawowa da rawanin malanta. Wasu sukan dawo da ciwo, wasu karatunsu ya tsaya ke nan, wasu ba sa dawowa.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa Shaihu Umar fim ne na laifi wanda ya rasa bincike da hukunci, kuma wannan rashi shi ne gaskiyarsa mafi ɗaci, shi ne kuma inda ya yi sassauci. Shawarata ga malaman da ke koyar da littafin da fim ɗin a kwalejoji da jami'o'i ita ce, kada su tsaya ga jigon haƙuri kaɗai. Su sa ɗalibai su bi sawun kowane hannu da Umar ya wuce ta cikinsa, su rubuta abin da mai hannun ya samu. Su kuma tambaye su yadda labarin zai kasance da uwar ce ta ba da shi, ko kuwa ɗaya daga cikin mutanen da Makau ya kamo. Ɗaliban Talata Mafara da Bakura da Maradun suna da abin da za su faɗa a kan wannan, ya kamata a saurare su.